Rabi Mai Yaji Ta Roƙi Iska

Duk wanda ya taɓa cin tsire a unguwar Hindawiyya da ke Makka ya ɗanɗani hannun Rabi, ko ya san ta ko bai san ta ba. Ita ke daka yajin da masu tsiren unguwar suke barbaɗawa. Da aka kawo injin niƙa sai ta ƙi shi, ta ce yana ƙona ƙamshin citta, ta ci gaba da turminta. Gidanta na can ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga, kuma ba sai an yi maka kwatance ba, inda ka fara atishawa nan ne ƙofar. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ga murya, in ta kira jikanta daga taga har na lungun baya sai ya amsa. Larabcin Makka a bakinta tsaf, amma ranar da aka ɓata mata rai Hausa ke fitowa, irin ta Haɗeja da ta tsotsa wurin uwarta, ba gauraye.

Abu guda ne Rabi ba ta so a ambata a gabanta, teku. Kifi ba ya shiga tukunyarta. Marigayi mijinta Abdulganiyyu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana jan tasi tsakanin Makka da Jidda, ya yi lallashin duniya ta bi shi ta ga bakin ruwa ko sau ɗaya, ina! Ranar da ya yi mata dabara ya karkata motar wajen, da ta ji warin gishiri sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta buɗe ba sai da ta ga duwatsun Makka. Mako guda ba ta yi masa magana ba.

Tana da dalilinta. Iyayenta, Malam Hassan da Shatu, sun taso daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja da niyyar aikin Hajji, a ƙafa, kamar yadda mutanen da suke yi. Shekaru suka kwashe a hanya, su tsaya su yi aikin auduga a Sudan, su tara guzuri, su ƙara gaba. A can aka haifi Rabi. Tana goye aka shiga jirgin ruwa a tashar Sawakin, a bakin tekun Sudan, irin na katakon nan da ake kira sambuk, wanda ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Su uku suka shiga, biyu suka sauka. Duk sa'ad da Rabi ta tambayi uwarta ina babanta, amsar ɗaya ce: "Teku ta karɓe shi." Daga nan Shatu ba ta ƙara ko kalma, har ta koma ga Mahaliccinta. Sauran labarin Rabi ce ta cike wa kanta. Tun tana yarinya take ganin abin a zuci, igiyar ruwa ta taso tsayin dutse, ta fizge shi daga cikin jirgi, ta rufe.

To ka ji ikon Allah. Matar da ba ta cin kifi ita ce ta haifi Tahani, autarta, wadda ta gama sakandare ta ce ita ilimin teku za ta karanta a jami'a a Jidda. Rabi ba ta hana ba, don a ganinta karatu a aji ake yin sa, a kan kujera, ƙarƙashin na'urar sanyi. Haka kuwa aka yi shekarun farko. Sai da yarinyar ta shiga karatun gaba da digiri sannan maganar ta fito. Ta zo ta sami uwar tana tankaɗe yaji, ta zauna a bakin tabarma, tana ta murza yatsu.

"Ummi," ta ce da Hausarta mai ɗaurin Larabci, "bahasin nan da zan yi, ya'ani, sai na shiga bahar, cikin teku. A jirgi."

Rabi ta ajiye rariya. "A me?"

"Jirgi ne mai inji, Ummi, da rigar ceto da komai. Malamarmu tana ciki, da wasu 'yan mata biyu. Akwai wani ƙarfe dogo kamar taɓarya, da siririyar igiya a jikinsa. Sai mu sake shi ya nutse a hankali, yana auna zafin ruwa da yadda yake motsi daga sama zuwa ƙasa. Ni abin da nake nema, in igiyar ruwa ta taso, har ina take dama ruwan da ke ƙarƙashinta."

"Ta dama ruwan! Kunu ne?"

"Wallahi kusan haka ne, Ummi."

"To ba da 'yata ba."

An sha fama. Sa'ud, babban ɗanta, ya zo ya yi magana, matar maƙwabci ta yi, har limamin masallacin lungu ya aiko da baki. Rabi ta yi kwanaki tana daka yaji kamar da shi take faɗa. A ƙarshe ta kira Tahani ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. "Ranar da ruwa ya kwanta luf, ki shiga, Allah Ya tsare. Ranar da kika ga igiya ko guda ɗaya, ƙafarki ba ta taka jirgin nan. Wancan na yafe, wannan ban yafe ba."

Tahani ta zaro ido. "Ummi, ai igiyar ita ce karatun nawa!"

"Ki karanta ta daga tudu."

Yarinyar ta so ta yi bayani, uwar ta ɗauki taɓarya, ƙarar turmi ta rufe maganar. Abin da Rabi ba ta tsaya ta ji ba shi ne, jirgin nan haya aka yi shi na lokacin zafi kaɗai. In zafi ya wuce Tahani ba ta samo awo a ranakun da teku ke tashi ba, babu abin da za ta rubuta, kuma malamarsu ta faɗa mata ƙarara cewa akwai wata ɗaliba da ke jiran gurbin. Shekarun da ta yi tana sammako zuwa Jidda duk za su tashi a banza.

Farkon lokacin an samu iska sosai. Kowace safiya Tahani za ta je matsayar jiragen da ke kudu da Jidda, wajen Shu'aiba, ta dubi ruwa. In ta ga farar kumfa, sai ta taya abokan karatunta loda kaya, ta kwance musu igiyar jirgi, ta koma ta zauna a kan dakali tana kallonsu har su ɓace. Babu wanda zai kai ƙara Hindawiyya in ta shiga. 'Yan matan ma sun ce mata ta shigo, wa zai sani? Ta ce ita za ta sani. Allah Ya shi wa yarinyar nan albarka, amma kai, abin da ciwo.

Ita kuwa Rabi, da ta ga 'yar tana dawowa fuska a yamutse, sai tausayi ya kama ta, ta ce bari ta taimaka. Kuma mutumin Makka in zai taimaka, ya san inda zai nufa. Ta shiga motar Harami da hantsi, ta ratsa jama'a da kafaɗar nan tata har ta samu inda take ganin Ɗaki sosai, ta ɗaga hannu. "Ya Rabbi, Ka kwantar da tekun nan. Ka danne ta, Ka hana ta motsi, yarinyar nan ta samu ta shiga kullum ta gama abin da take yi ta fito mini." Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Har alhazan da ta gani da alamar salihai takan ce su taya ta da amin, su ce amin ba su san a kan me ba.

Sai iska ta ɗauke. Ba wanda zai ce addu'ar Rabi ce, Allah ne masani, kuma Tahani ta ce kusan kowace shekara akan samu irin wannan tsayawar a tsakiyar zafi, ta bana ce dai ta daɗe. Amma je ka gaya wa Rabi haka! Ta riƙa tafiya a lungu tana jin kanta, duk wadda ta zo sayen yaji sai ta ji labarin yadda aka roƙa aka samu. Tahani kuwa yanzu kullum tana shiga jirgi, kullum tana sakin ƙarfenta, kullum tana dawowa da abu ɗaya: saman ruwa zafi, ƙasansa sanyi, tsakaninsu ba abin da ke motsi. Ta rame, ta daina surutu a wurin cin abinci. Uwar ta ɗauka wahalar rana ce, ta ƙara mata man shanu a tuwo.

Akwai wani tsoho a unguwar Utaibiyya, ana ce masa Mailafiya, wanda ya fi kowa daɗewa yana sayen yajin Rabi. Shi ya fara kafa tukubar tsire a layinsu, yanzu ƙarfi ya ƙare, jikoki ke gashi, shi yana zaune a kujerar roba yana ɗanɗana yaji da ɗan yatsa yana kushewa. Jirgi ɗaya suka shigo da iyayen Rabi, lokacin yana saurayi, shi ya sa take ce masa Kawu, kuma nasa yajin da kanta take kai masa. Ran nan bayan la'asar ta kai, suka gaisa, ya tambayi yara, ita kuwa bakinta bai iya riƙe abin alfahari ba. Ta kwashe labarin duka ta gaya masa, da sharaɗin da addu'ar, ta ƙare da cewa yanzu teku ta yi laƙwas, ko ganye ba ya motsi a kanta.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya goge yatsansa a jikin riga, ya dube ta har ta tsargu.

"Rabi, kwanciyar teku kika je kika roƙa? A gaban Ɗakin Allah?"

"To Kawu, me zan roƙa? Abin da ya ci ubana ya ci 'yata?"

"Wa ya ce miki igiyar ruwa ce ta ci Malam Hassan?"

Babu wanda ya taɓa gaya mata.

Mailafiya ya ce: "Mun bar Sawakin da iska mai kyau. Muna tsakiyar ruwa, ba a ganin gaba ba a ganin baya, ta ɗauke ɗif. Ƙyallen jirgi ya saki jiki kamar wanki a kan igiya. Rana ta sama, rana ta ƙasa, don ruwan ya zama madubi. In ka tsoma hannu ka ji shi da ɗumi kamar ruwan wankan jego. Kwana da kwanaki muna wuri ɗaya. Ruwan sha ya ja baya, mai jirgi ya koma raba shi da ɗan ƙaramin kofi, safe da yamma. Uwarki tana shayar da ke, nono ya fara ƙafewa, kukanki ma ya daina fita. Malam Hassan in an miƙa masa nasa sai ya kai baki kamar ya sha, ya juya baya, ya juye wa Shatu a ƙoƙonta, ya ce mai jirgi ne ya ƙara mata saboda goyo. Ba mu ankara ba sai da ya faɗi. Muka yi masa salla a cikin jirgi, muka sa shi a ruwa. Ruwan ko motsi bai yi ba."

Rabi ta zauna a kan buhun gawayi ba ta san ta zauna ba.

"Washegari iska ta taso," in ji tsohon. "Na rantse miki, da igiya ta farko ta daki jirgin nan ta watso mana ruwa a fuska, guɗa mata suka yi. Maza suna kabbara. Uwarki da hawayenta ta ɗaga ki sama don iska ta taɓa ki. Igiyar nan da kike tsine wa ita ta kawo ki Makka."

"Kawu, shekara sittin da wani abu. Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Shatu ce ta roƙe mu. Ta ce kada yarinya ta tashi tana ganin saboda ita ubanta ya mutu. Na riƙe mata alkawari har bayan ranta. Amma ba zan zauna ina ji kina roƙon abin da ya kashe shi ba, kina kuma tauye jikarsa da shi."

Rabi ta yi kuka a bakin tukubar nan, a gaban masu jiran tsire, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar Abdulganiyyu. Ba ta taɓa sanin fuskar ubanta ba, sai ran nan ta ji kamar yanzu aka yi mata rasuwarsa. Ta kuma ji kunya, don ta tuna mutanen da ta bi tana ba su labarin addu'arta.

Da gari ya waye ta buga wa Sa'ud waya ta ce ya kawo mota. Ya tambaya ina za a je, ta ce bakin teku. Ya ce, "Na'am?" Ta ce ba kurma ta haifa ba.

Sun tarar da Tahani ta sauko daga jirgi ke nan, tana naɗe igiya. Da ta ga uwarta a kan matsaya, da abaya da takalmin roba, sai igiyar ta suɓuce mata. Rabi ta tsaya ta dubi abin da ta yi shekaru tana gudu. Fili ne kawai, shuɗi, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ba ƙara ba motsi, sai wani wari mai nauyi. A gefen duwatsu ga ƙananan kifaye sun juya fararen cikkunansu sama. Ta tattare abaya, ta sauka matakala, ta tsoma hannu. Ɗumi, kamar yadda tsohon ya faɗa.

"Auta," ta ce, ba ta juyo ba, "maganar nan da kika so ki yi mini ran nan na hana ki. Yi ta yanzu."

Tahani ta sauko ta tsuguna kusa da ita. Ta ce, "Ummi, kin san in kika bar baho cike da ruwa a kan soro, da azahar samansa ya yi zafi, ƙasansa da sauran sanyi?"

"Sai an sa hannu an juya kafin a yi wa yaro wanka."

"To teku ma haka take, sai dai ita iska da igiyar ruwa ne hannunta. Igiya in ta taso ta fashe, tana cusa kumfa da iska cikin ruwa, kifi ya samu abin shaƙa. Kuma in iska da igiya suka nufi waje ɗaya, sai ruwan ya riƙa birgima a ƙarƙashi, na sama mai zafi ya nutse, na ƙasa mai sanyi ya hau. In babu wannan, zafin duk a sama yake taruwa. Kin ga kifayen can. Can ciki kuma duwatsun murjani, inda kifi ke haihuwa, sun fara yin fari, in abin ya daɗe mutuwa za su yi." Ta ce abin da ba a gama sani ba shi ne zurfin da juyawar nan ke kaiwa a wannan tekun tasu, da kuma nawa ne aikin iska, nawa ne na igiyar kanta. In an san wannan, za a iya gaya wa masunta da masu kiwon kifi tun da wuri cewa ga zafi nan tafe. "Amma ba a auna shi daga tudu, Ummi. Sai ana ciki, lokacin da take tashi."

Rabi ta daɗe tana juya hannunta a cikin ruwan, tana jin ɗan sanyi-sanyi yana tasowa tsakanin yatsunta. Sannan a nan kan matakala ta ba 'yarta labarin Malam Hassan da ƙaramin kofi. Sa'ud yana tsaye a sama yana ji, ya juya baya yana goge ido da gefen hiraminsa.

"Sharaɗin nan na janye shi," in ji Rabi. "Ranar da ta tashi, ki shiga. Na yafe duniya da lahira. Tsoro dai ina ji, ba zan yi miki ƙarya ba."

Saura magana ɗaya, kuma Rabi ba mai barin aiki rabi da rabi ba ce. Inda ta ƙulla nan ta koma ta kwance. Ta shiga Harami, ta nemi daidai wurin da ta saba tsayawa, ta ɗaga hannu, ta yi ƙasa da murya, abin da ba ta saba ba. "Ya Rabbi, ni ce dai. Maganar nan da na yi ta kawowa, na yi ta ne cikin rashin sani, Ka yafe mini. Ka sako iska. Ba mai yawa ba, Ya Rabbi, daidai wadda za ta ishi yarinyar nan da kifayen. Ka ji ƙan Hassan, Ka shayar da shi." Wata Baturkiya da ke gefenta ta ga tana hawaye ta ce amin, Rabi ta kama hannunta ta girgiza.

Iskar ba ta zo washegari ba, ba ta zo a makon ba. Lokacin hayar jirgi yana ta ƙurewa, Rabi ta koma leƙa taga tana duban tsumman da ta ɗaura a jikin ƙarfe, ita da a da ba ruwanta da inda iska ta nufa. Masu sayen yaji suka ga ta rage surutu. Sai wata safiya, ana saura kaɗan a mayar da jirgi, wayar Tahani ta yi ƙara tun kafin a karya: iskar arewa ta sauko, a zo da wuri.

Rabi ta riga kowa shiga mota. Da Sa'ud ya buɗe bayan motar don sa jakar ƙanwarsa, sai ya tarar babu wuri, jarkokin Zamzam ne jere, waɗanda uwar ta yi ta tarawa ba wanda ya sani.

"Ummi, jirgin fa da ruwan sha a ciki, har da firiji," in ji Tahani. "Kuma kafin magariba za mu dawo."

"Su kakanki ma da za su shiga haka aka ce musu. Ɗauki."

Tekun da suka tarar ba ta ran nan ba ce. Ta yi duhu, tana tasowa tana faɗuwa, tana dukan matsaya har ruwa na fallatsa a kan mota. Rabi ta kama hannun Sa'ud. Tahani ta nuna mata can nesa, inda farar kumfa ta ja layi-layi, dogaye, duk sun miƙe waje ɗaya kamar sahun salla. "Kin gani, Ummi? Ƙarƙashin kowane layi ruwa nutsewa yake yi, tsakaninsu kuma yana hawowa. Juyawar ke nan."

Mai jirgi ya so ya yi gardamar jarkokin, ya dubi fuskar Rabi, ya ce a loda. Ta kama 'yarta ta gyara mata ɗaurin rigar ceto, ko da yake ba ta san yadda ake ɗaura ta ba, ta zaɓi jarka ɗaya ta danƙa mata a hannu.

"Sauran na kowa ne. Wannan taki ce. Ki sha da bakinki, ina gaya miki, kada ki juye wa kowa."

Jirgi ya fita. Igiya ta farko ta ɗaga hancinsa sama ta sake shi, ruwa ya watsu a kan 'yan matan, aka jiyo ihunsu da dariya. Sa'ud ya ƙara riƙe hannun uwarsa, ya zaci faɗuwa za ta yi. Sai ta saki hannun, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa, irin ta Haɗeja, doguwa, har masuntan da ke gyaran raga suka miƙe suna dubawa.

Wunin ranar ba ta zauna a mota ba, ba ta ci komai ba. Ta yi azahar da la'asar a kan dakalin da 'yarta ta sha zama, carbi a hannu, ido a kan ruwa. Rana ta yi ja sannan jirgin ya ɓullo. Tahani ta sauko jiƙe sharkaf, fuska ta yi fari don amai, tana tangaɗi, tana dariya. Ta buɗe kwamfuta a nan kan matsaya tana nuna wa uwar wasu layuka da suka yi ta karkacewa, tana cewa juyawar ta kai zurfin da ba su zata ba, malama ta ce gobe ma za a koma, da jibi in iskar ta riƙe, kuma ruwan sama har ya fara hucewa. Hausar ta ƙare mata, ta koma Larabci zalla.

Rabi ta gyaɗa kai kamar ta gane. Ba layukan take kallo ba, leɓɓan yarinyar take duba. Ta miƙa hannu ta karɓi jarkar, ta ɗaga ta, ta girgiza kusa da kunne, ta ji ba nauyi.

"Ke kika shanye?"

"Ni kaɗai, Ummi. Wallahi."

"To madalla," in ji Rabi. Ta rungume jarkar a ƙirji, ta ce wa Sa'ud ya tayar da mota, gobe da sammako.